Ƙudaje Goma Sha Biyu da Kwalbar Humra

Maigidana direban bas ne a Manchester, shekaru masu yawa, kafin idonsa ya soma mutuwa. Ba lokaci ɗaya idon ya mutu ba. Daga tsakiya ya faro, wani ɗan baƙin tabo kamar an ɗiga tawada a kan duk abin da ya kalla, gefe kuwa yana gani. In zai dube ni sai ya ɗan kau da kai kamar mai fushi da ni, ta wutsiyar ido yake samo fuskata. Likitan unguwarmu ya tura mu asibitin ido, aka yi ta yi masa allura har cikin ƙwayar idon. Daga baya likitar idon ta zaunar da mu ta ce tabon zai ci gaba da faɗi, iyakar abin da za su iya su rage masa sauri. Ya mayar da lasisin tuƙi, aiki ya ƙare. Muka yanke shawarar komawa Birmingham, unguwar Small Heath, kusa da yayata, inda masallaci ke bakin layi, mutum ko da lalube zai kai kansa.

Ban ga ya yi baƙin cikin rabuwa da bas ba. Kifi ne ya tsaya masa a rai.

Wani tsohon Bature abokin aikinsa, wanda ya riga mu gidan gaskiya, shi ya koya masa wata irin fatsa da ba mu san ta a gida ba. Ba a sa tana, ba a sa gaya, ba a jefa ƙugiya a zauna jira. Ƙugiya ce ƙarama ake naɗa mata zare da gashin tsuntsu har ta yi kama da ƙwaron ruwa, shi ake kira ƙuda. Sai a wurga shi da doguwar sanda mai lanƙwasa ya sauka a saman ruwa a hankali, ya bi ruwa yana yawo kamar mai rai. Kifin da ake nema, wanda Turawa ke kira trout, shi zai taso da kansa ya ɗauka, in ya yarda. Sau da yawa ba ya yarda.

A cikin duwatsun da ke tsakanin Manchester da Birmingham akwai wani rafi da ruwansa ke ɓuɓɓugowa daga ƙarƙashin farin dutse. Rani da damina sanyinsa ɗaya, kuma ko an kwana ana ruwan sama ba ya gurɓacewa. Nan yake zuwa duk shekara in itatuwa sun yi sabon ganye. Ni ban taɓa bin sa ba. Nakan dai yi masa ɗanwake ko dambu a kula, in ce a dawo lafiya, ya dawo da yamma hannu wayam yana murmushi, don a can ko ka kama sai ka mayar. Na daɗe ina ganin abin wauta ce ta maza.

Lokacin sanyin shekarar nan ya zauna a teburin kicin da fitila da gilashin ƙara girman abu, yana ɗaura ƙudaje. Da can kafin shayi ya huce ya gama ɗaya. Yanzu ɗaya kan ci masa kwana biyu. Zare ya kuɓuce, ya laluba, ƙugiya ta soke shi, ya tsotse yatsa ya ci gaba. Gashin da yake amfani da shi na ƙugun agwagwa ne, mai laushi kamar hayaƙi, in ka yi numfashi kusa da shi sai ya tashi. Da ya cika goma sha biyu ya jera su a ɗan akwatin ƙarfe, ya rufe, ya tattara zare da almakashi ya zuba a leda.

Ya ce, “Daga waɗannan na rufe.”

Ya biya kuɗin yini ɗaya a rafin, ƙarshen watan Mayu, sati guda kafin mu tashi. Ya ce mini, ba tare da ya juyo ba, “Abu ɗaya nake roƙon Allah. In ga kifi ya taso ya ɗauki ƙudana, in ɗago shi in kalle shi da idona. Bayan nan duhun ya zo in zai zo.”

Ni kuwa da littattafan soyayya na girma, waɗanda muke haya a shagon bakin kasuwa mu ɓoye cikin littafin lissafi. A cikinsu na koyi cewa abin da bakin mace ya kasa faɗa, ƙamshi yana faɗa mata. Na kuma yarda da haka har zuciyata, har yau ma ban bari ba. Tun da aka kawo ni gidansa bai taɓa fita da tufar da ba ta hau kabbasa ta sha turaren wuta ba, har rigar aikinsa ta bas. Yakan ce tsofaffin mata na tambayarsa a ina ake sayar da wannan turaren. Amma tun da ciwon ya zo sai ya yi shiru. Yana ci, yana salla, yana cewa sannu, amma yana can wani wuri da ban san ƙofarsa ba. In na yi kwalliya ba ya gani. Hanci kaɗai ya rage mini hanya zuwa gare shi.

A satin na hau jirgin ƙasa zuwa Birmingham don in karɓi makullin gidan hayar da muka samu. Na biya gidan Yaya. Ita ce gwanar haɗa humra a danginmu, mata har daga unguwar Sparkhill suke zuwa saye. Ta dube ni sama da ƙasa.

“Ke kuma haka kika koma? Shi ne mara lafiyar ko ke?”

“Yaya, ba ya magana.”

“Namiji ne, in ya rasa aiki sai ya rasa baki. Ungo.” Ta miƙo mini wata ’yar kwalba, ruwan cikinta mai kauri, launin zuma. “Wata uku tana jiƙe, ban sayar wa kowa ba. Ki sa masa a komai nasa. In bai yi magana ba ki dawo mini da kayata.”

Ana gobe za mu tafi rafin, bayan la’asar, ya ɗan kwanta saboda ciwon kai. Na shiga haɗa masa kaya kamar yadda ake haɗa wa miji in zai yi tafiya mai muhimmanci. Na kunna gawayi a kasko, na ɗora rigar fatsarsa mai aljihu barkatai da hularsa a kabbasa. Sai hannuna ya kai kan akwatin ƙarfen. Da na buɗe, wani ɗan ƙarni na tsohon gashin tsuntsu ya bugo ni. Na tsaya ina kallon su goma sha biyun nan a jere, na tuna yatsunsa da suka sha suka. Raina ya ce, aikin ƙarshe na hannun bawan Allahn nan, a bar shi yana ƙarni? Na ɗauko tsinken ashana, na tsoma a humrar Yaya, na ɗiga wa kowanne ɗigo ɗaya, kowanne da addu’arsa. Na ga gashin ya kwanta luf yana sheƙi, na ce a raina sun ma fi kyau. Na rufe na mayar aljihun rigar.

Da safe ni na ja motar. Muna fita daga gari ya shinshina kafaɗar rigarsa ya yi ’yar dariya, wadda na yi wata biyu ban ji ba.

“Amarya, har kifin ma sai kin kashe shi da ƙamshi?”

Shekara ashirin da aure, in yana cikin nishaɗi Amarya yake ce mini. Na ji kamar an ba ni kyautar hanyar gaba ɗaya, da tumakinta da katangun duwatsunta.

Mai kula da rafin, wani dattijon Bature mai jan kumatu, ya tarbe mu a bakin wata ’yar bukkar katako. Sun san juna. Ya maimaita dokar wurin don ni: ƙuda mai yawo a saman ruwa kaɗai aka yarda, wanda ke nutsewa an hana, kuma duk kifin da aka kama a mayar da shi da rai. Ya ce in riƙa tafiya a hankali nesa da gaɓa, don kifin na ganin mutum kafin mutum ya gan shi.

Ban taɓa ganin ruwa irin wannan ba. Har tsakuwar ƙasa ana ƙirgawa. Wata doguwar ciyawa kore tana kaɗawa a ciki kamar gashin mace da aka tsefe, da ƙananan fararen furanni a kanta. Iska na da sanyi, rana na da ɗumi, tsuntsaye na ta hayaniya a cikin itatuwa. Na ji haushin kaina na shekarun da na zauna a gida ina masa dariya.

Ya haɗa sandarsa da lalube, ya zura igiya, ya durƙusa a kan ciyawa ya ciro akwatin. Yana buɗewa ƙamshin ya tashi ya cika wurin. Ni har na soma murmushi. Shi kuwa ya sa yatsa ya shafa na farko, ya shafa na biyu, ya bi su duka har goma sha biyu. Ya ciro ɗaya, ya miƙa hannu ya ajiye shi a kan ruwan bakin gaɓa.

“Yana sama?”

Na leƙa. Wani siririn maiƙo mai launin bakan gizo ya bazu a kewayensa, shi kuma ya tafi ƙasa a hankali ya kwanta a kan tsakuwa.

“Ya nutse, Malam.”

Na sa hannu na tsamo shi. Ya gwada wani. Shi ma haka.

“Me kika sa musu?”

“Humrar Yaya. Ɗigo ɗaya-ɗaya ne kawai.”

Ya zauna daɓas. Ya yi mini bayani da wata murya mai sanyi, kamar yana karanta wa yaro darasi. Ya ce gashin nan ba wani abu ke riƙe shi a saman ruwa ba illa iskar da ke maƙale tsakanin silinsa. In maiƙo ya taɓa shi sai silin su manne, iskar ta fita, ya zama tsumma. Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi. Na tsaya a bayansa ina kallon ƙeyarsa da furfurar da ta fito masa a shekara ɗaya, hawaye na zuba, ina danne sautin don kada in kori kifin da ba mu da abin kama shi.

Dattijon ya zo wucewa ya same mu haka. Da ya ji abin da ya faru ya kai akwatin hancinsa, ya ɗaga gira, ya ce a shekarunsa na bakin ruwa bai taɓa jin ƙudaje masu daɗin ƙamshi irin waɗannan ba. Ya ciro nasa akwatin ya buɗe, cike fal, ya ce Malam ya ɗauki duk wanda yake so.

Malam ya yi godiya sosai, ya ce a’a. Ya ce nasa ya zo ya gwada.

Dattijon ya dube shi, ya dube ni, ya gane akwai magana. Ya ce mini akwai sabulun wanke kwanuka a bukka, in gwada, wataƙila wasu su farfaɗo.

Na juye shayin da ke murfin filas, na ɗebo ruwan rafin, na ɗiga sabulu. Ɗaya bayan ɗaya nake wanke su da kan yatsa, kamar wankan jariri, ina ɗauraya, ina zubar da kumfar can cikin ciyawa nesa da ruwa. Sanyin ruwan ya sa yatsuna suka daina ji. Wasu da na taɓa su zaren ya warware, don dama da ƙyar idonsa ya bar shi ya ƙulle su. Na shimfiɗa mayafina a rana na jera su, ina hura musu iska da baki. Da na ga ba sa bushewa na kwashe su na ruga mota, na kunna hita, na riƙe su a tafin hannu a bakin iskar. Ta gilashi ina hango shi ya yi alwala a gaɓa, ya shimfiɗa rigarsa, yana azahar shi kaɗai a tsakiyar koren fili.

Uku suka tashi. Gashinsu ya buɗe ya koma kamar hayaƙi. Tara sun mutu.

Na kawo masa su a tafin hannu. Ya shafa, ya gyaɗa kai. “Ɗaura mini, idon ƙugiyar ya fi ƙarfina.” Ya koya mini ƙullin da baki, na yi sau huɗu kafin ya kamu.

Wajen ƙarfe uku ƙwarin suka soma fitowa. Daga cikin ruwan suke ɓullowa, farare-farare masu dogon bindi, su tsaya a sama su bushe fiffike su tashi, kamar shinge bayan ruwan farko. Nan da nan rafin ya farka. Ko ta ina sai ka ji ɗis, ka ga zobe yana faɗaɗa. Malam ya miƙe a kan gwiwa, ya karkata kunne. Ya ɗaga sandar, igiyar ta tafi baya ta miƙe, ta dawo gaba ta kwanta a kan ruwa ba ko motsi. Hannunsa bai manta komai ba. Ban taɓa ganin sa da kyau irin na lokacin nan ba.

Wurgi na uku iska ta kwashe ƙudan ta rataye shi can saman reshe. Saura biyu. Na ɗaura wani.

Ya sake wurgawa. Ƙudan ya taho yana rawa a gefen ciyawa. Na ga wata inuwa ta taso daga ƙasa, baki ya buɗe fari, ƙudan ya ɓace. Malam bai motsa ba. Kifin ya tofar ya koma.

“Malam, ya ɗauka fa!”

“Yaushe?”

“Yanzun nan. Ba ka gani ba?”

Ya sauke sandar a kan cinyarsa.

“Ba na ganin ƙudan. Ko da safe da na ajiye shi a gabana ban gan shi ba, shi ya sa na tambaye ki. Tun cikin azumi na san haka. Na dai ce wataƙila in na zo nan, hasken wurin ya taimaka.”

Na dafa bayansa. Ya ja numfashi ya ce, “Kada ki ɗauka wannan ya wanke ki daga maganar humra. Tana nan, sai mun je gaban Yaya.”

Na yi dariya da kuka a haɗe.

“To matso nan, kafaɗa da kafaɗa. Ki gaya mini inda kifin yake, in ya ɗauka ki gaya mini.”

Na kwatanta masa wurin da baki: gaban farin dutse, taku biyu daga reshen da ya sunkuyo. Ya wurga, ya yi gajere. Ya ƙara, ya sauka daidai. Inuwar ta sake tasowa.

“Wayyo Allah Malam ga shi nan ya taso, wallahi ya buɗe baki, ja, ja!”

Ya fizga da ƙarfi saboda ihuna, siririn zaren ya tsinke, kifin ya tafi da ƙudan.

“Hajiya, kafin ki gama wannan huɗubar ai kifin ya kai Birmingham ya kama haya. Kalma ɗaya. Ki bari ya rufe baki ya juya kansa ƙasa, sannan ki ce ɗaga. A hankali, ba gobara ake ba.”

Saura ɗaya. Na ɗaura shi, na ja ƙullin da haƙori, na sake dubawa. Muka matsa gaba da rarrafe zuwa wani lungu inda ruwan ya yi zurfi a ƙarƙashin saiwar itace. Can wani kifi yake tasowa shi kaɗai, ba gaggawa, zobensa ƙarami. Malam ya saurara har sau uku.

“Wannan babba ne. Manya ba sa surutu.”

Ya wurga. Ƙudan ya sauka sama da saiwar ya taho. Ban ƙifta ido ba. A cikin ƙwari na gaskiya da ke yawo a wurin na riƙe nasa da ido, don shi ya fi su duhu kaɗan, kuma fiffikensa ɗaya ya karkace. Kifin ya taso ya tsaya a ƙarƙashinsa, ya bi shi da baya yana duba shi, har na fid da rai. Sai ya ɗaga hanci ya tsotse shi, ya juya.

“Ɗaga.”

Sandar ta lanƙwashe. Na ji wani sauti ya fito daga ƙirjin Malam wanda ba magana ba ne. Kifin ya ja ƙasa, ya nufi ciyawa, Malam ya karkatar da sandar ya juyo da shi, duk da hannu yake jin sa, idonsa ma a rufe. Ban san tsawon lokacin da suka ɗauka ba. Ya ce in ɗauki koma in shiga, in nutsar da ita in jira, kada in bi kifin. Na shiga da takalmina da zanena, sanyi ya harbe ni har ƙwaƙwalwa. Ya jawo shi a hankali har saman komar, na ɗaga.

“Kada ki fitar da shi daga ruwa. Kawo shi bakin gaɓa.”

Ya kwanta rub da ciki a kan ciyawa, ya jiƙa hannuwansa, ya tallafo kifin a cikin komar, ya zare ƙugiyar da yatsa biyu. Ya sunkuyar da fuskarsa har gemunsa na taɓa ruwa. Ya kalle shi gaba da gaba. Ya karkata kai dama, ya karkata hagu, ya matso, ya ja baya. Ina tsaye cikin ruwa ina addu’a a zuci.

“Ina ganin tsawonsa,” ya ce. “Ina ganin wani abu mai haske. Shi ke nan. Akwai jajayen ɗigo a gefensa?”

“Akwai.”

“Yaya suke?”

“Ja sosai, kamar ’ya’yan barkono. Kowanne da farin zobe a kewaye. Bayansa kore ne mai duhu da baƙaƙen ɗigo. Cikinsa kamar man shanu.”

“Nawa ne jajayen?”

Na ƙirga. “Tara a wannan gefen.”

Ya bi gefen kifin da babban yatsa tun daga kai har bindi, sau ɗaya, a hankali. Kumatun kifin na buɗewa suna rufewa a tafinsa.

“Alhamdulillahi,” ya ce. “Sauke komar.”

Na sauke. Ya buɗe hannu. Kifin ya ɗan tsaya kamar bai san an sake shi ba, sannan ya kaɗa bindi.

“Ya tafi?”

“Ya tafi.”

“Ta ina?”

“Ƙarƙashin saiwar, inda ya fito.”

Ya juya fuskarsa wajen, ya daɗe a haka, ruwa na ɗiga daga gemunsa. Ban ce masa ya ɗan kauce ba, saiwar tana hagu da inda yake kallo. Na fito daga ruwan na zauna kusa da shi ina karkarwa, muka bar ƙwarin suna ta tashi.